Mijina ya rubuta cewa wata ce "crush" ɗinsa, me yake nufi?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekararmu bakwai da maigidana, 'ya'yanmu biyu. Karatuna na boko a aji uku na sakandare ya tsaya, Islamiyya na fi yi. Shi kuwa ya yi digiri, ma'aikaci ne. Ranar Lahadi ya bar wayarsa a kan gado ya shiga wanka, saƙo ya shigo, na ɗauka na duba. Hira ce da abokinsa a WhatsApp. Ya tura masa hoton ma'aikatan ofishinsu, ya zagaye fuskar wata mata da aka kawo musu kwanan nan, ya rubuta a ƙasa: "She was my crush in SS2." Abokin ya turo fuskokin dariya. Na kwafe kalmomin a takarda, na duba ƙamus na waya, ya ce mini "crush" murƙushewa ce. Na tambayi ƙanwata da ke jami'a, ta ce ai budurwarsa ke nan, wadda yake mutuwar so. Yau kwana huɗu abinci ya ƙi shiga cikina, tsakanina da shi sai gaisuwa. Ina jin nauyin tambayarsa, don zai gane na taɓa wayarsa, kuma zai ga ko Turancin ban iya ba. Don Allah ki gaya mini gaskiya, aure zai ƙara?

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwana huɗun nan da kika yi ba ci, a kan kalmomi shida da ba a fassara miki su daidai ba. Na shekara da shekaru ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, saboda haka ki ba ni aron kunnenki mu fara da kalmar kanta. Bayan nan sai mu zo kan zamanki da mijinki.

Ƙamus bai yi miki ƙarya ba. Asalin kalmar ke nan: a danne abu da ƙarfi har ya rasa siffarsa. Idan kin sa tafarnuwa a ƙarƙashin muciya kin danne ta ta baje, Bature zai ce kin yi "crush" ɗinta. Haka injin da ke fasa dutse ya mai da shi tsakuwa, da wanda ke matse rake a wurin masu mazarƙwaila. Turanci yana da wasu kalmomin na kusa da ita, kuma kowace da iyakarta. "Press" latsawa ce, kamar yadda kike latsa lambar waya ko kike danna dutsen guga a kan riga, abin yana nan yadda yake bayan kin ɗaga hannu. "Squeeze" matsewa ce, irin ta lemon tsami ko ta wanki. Ita kuwa "crush" ta wuce nan, abin da ta faɗa wa ba ya komawa kamar da. Mu a Hausa ba mu tara wannan aiki a kalma ɗaya ba, mun rarraba shi: muna murƙushe barkono, mu murje gyaɗa, mu dandaƙa citta, mota ta take kaza, gini ya danne mutum, takarda a dunƙule ta a tafin hannu. Duk waɗannan Bature yana iya rufe su da kalmar nan guda.

Ba ma ta Ingilishi ba ce tun fil azal. Daga tsohon Faransanci suka aro ta, kimanin shekara 600 da suka wuce, a zamanin da harshen Faransa ya cika fadar Ingila da kotunanta bayan mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066. A can tana nufin ƙarar abin da ke karyewa, ko cizon haƙora. Ki furta ta a hankali, za ki ji ƙarar a cikinta.

Daga wannan tushe ta yi rassa. A jaridun Turanci na ƙasar nan za ki ga an rubuta cewa tirela ta yi "crush" ɗin mutane a hanya, wato ta take su. Za ki ga an ce sojoji sun yi wa 'yan bindiga haka, wato sun murƙushe su, ko wata ƙungiyar ƙwallo ta yi wa wata, wato ta lallasa ta. Turmutsitsin da ya auku a Mina ranar 24 ga Satumba 2015, wanda alhazai da yawa suka rasu a cikinsa har da na Najeriya, Allah ya jiƙansu, da wannan kalma kafafen labarai na Turanci da dama suka kira shi, domin cunkoso ne ya matse mutane har numfashi ya gagara. Idan mutum ya ce "I was crushed", yana nufin wani labari ya karya masa zuciya. Matasan Amurka kuma sukan ce wa wanda ya yi bajinta a jarrabawa ko a wasa "you crushed it", yabo ne zalla, kamar mu ce ya yi wa jarrabawar kaca-kaca. Wasan nan na fasa alewa da ke cikin wayoyin mutane tun 2012, Candy Crush, daga nan sunansa ya fito.

Akwai guda ɗaya da nake so ki riƙe saboda ke uwa ce. A jikin kwalin wasu magunguna ana rubuta "do not crush or chew". Ma'anarsa kada a daka ƙwayar, kada a tauna ta, a haɗiye ta ɗungurungum. Irin waɗannan an yi su ne su narke a hankali cikin jiki, ko an lulluɓe su don kada su narke tun a ciki. Mu kuwa mun saba murƙushe ƙwaya a cokali mu zuba ruwa mu ba yaro ko tsoho. Duk maganin da kika ga wannan rubutu a jikinsa, ki koma wurin mai ba da magani a asibiti ki tambaya ko akwai na ruwa.

To, ga reshen da ya hana ki barci. Tun a shekarun 1880 aka fara ganin samari da 'yan matan Amurka suna amfani da kalmar da wata ma'ana dabam: son da ke faɗa wa mutum farat ɗaya, ya danne masa ƙirji, galibi a ƙuruciya, galibi kuma a ɓoye. Wanda ake yi wa son shi ma sunansa "crush". Kada ki yi mamakin yadda kalmar murƙushewa ta koma kalmar so, domin mu ma haka muke yi. Muna cewa so ya kama shi, ya faɗa tarko, ciwon so ya kwantar da shi, yaran yanzu har cewa suke ya mace a kanta. Ba wanda ya mutu, ba wanda aka ɗaure. Nauyin abin a zuciya ake kwatantawa.

Abin da ƙanwarki ta tsallake shi ne wannan: kalmar tana ba da labarin abin da ke cikin zuciyar mutum ɗaya. Ba ta cewa akwai wata hulɗa tsakanin mutum biyu. Yaro ɗan aji biyar ya ga wata yarinya a taron safe na makaranta, ta kwanta masa a rai, ya riƙa bin hanyar da za ta bi don ya hango ta, ya rubuta wasiƙa ya yage, har suka gama makaranta bai iya ce mata uffan ba. Wannan shi ne "crush" a cikakkiyar siffarsa. Sau da yawa ita yarinyar ko sunansa ba ta sani ba. Shi ya sa ake amfani da kalmar ga ɗan ƙwallo ko 'yar fim da mutum bai taɓa gani ido da ido ba, shi ya sa kuma a Instagram ake ɗora hoton mace ranar Laraba a rubuta WCW, wato "Woman Crush Wednesday", macen da ta burge mutum ta ranar Laraba, har mata suna yi wa ƙawayensu da iyayensu mata, don yabawa kawai. Mafi kusa da ita a bakinmu shi ne a ce ya ƙyasa, ko ta burge shi, ko kuma abin da magabata suka kira son maso wani.

Da budurwarsa ce a da, Turanci yana da kalmar da zai yi amfani da ita, kuma mai digiri ya san ta. Zai ce "girlfriend", ko ya ce "my ex", wato tsohuwar budurwata. Da an taɓa sa musu rana, "fiancée" zai ce. Namijin da ke hira da amininsa, yana ganin ba mai karantawa sai su biyu, ba shi da dalilin rage wa abin nauyi. Ya zaɓi kalmar da ke nuna cewa bai samu ba, watakila ma bai nema ba.

Sannan ki ɗauko takardar da kika kwafa, ki dubi kalma ta biyu. "Was" ya rubuta. A Turanci wannan kalma tana nuna abin da ya wuce, kishiyarta ta yanzu ita ce "is". Ya kuma ɗaure maganar da lokaci, ya ce a SS2, wato sa'ad da yake ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai. Idan aka zuba jimlar cikin Hausar da muke yi a tsakar gida, ga abin da ya ce wa abokinsa: "Ka ga wannan? Ita ce wadda na ƙyasa muna aji biyar." Dariyar abokin kuma irin wadda maza ke yi ce idan an tuno wautar ƙuruciya. Da na ga ya rubuta "she is my crush", ko "I still have a crush on her", inda "still" ke nufin har yanzu, da amsata ta sha bamban da wannan, kuma da ban ɓoye miki ba.

Ina yi wa ƙanwarki uzuri. A jami'a da kafafen sada zumunta, samari sun mai da kalmar abin buɗe zance. Saurayi ya shiga akwatin saƙon yarinya ya ce "hello crush", yana gwada sa'arsa. Ita abin da ta saba gani ke nan, sai ta auna maganar mijinki da wannan mudu. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin a faɗa wa mace kalmar a fuskarta da a faɗa wa aboki ita a kan abin da ya shekara goma sha wani abu da wucewa. Na farko neman shiga ne. Na biyu labari ne.

Kin ce in gaya miki gaskiya, to ga ragowarta. Jimlar nan ba ta ce zai ƙara aure ba, ba ta kuma yi alkawarin ba zai ƙara ba. Abin da ta tabbatar shi ne ya gane matar, ya tuna, har abin ya kai shi ga zagaye fuskarta ya tura wa aboki. Ni kaina ban ji daɗin zagaye fuskar ba. Matar nan wataƙila matar wani ce, kuma ba ta ba kowa izinin a riƙa yawo da hotonta ana tuna baya ba. Kishin da kika ji ba hauka ba ne, kowace mace mai son mijinta za ta ji wani abu ya soke ta. Sai dai abin da kike da shi a hannu ƙarami ne, kin kuwa ɗora masa hukuncin babban laifi, kin yanke, kin fara zartarwa a kan cikinki da kan fuskar da kike nuna masa, shi kuma bai ma san an gurfanar da shi ba. Kwana huɗu yana shigowa gida yana ganin an ɗaure fuska, bai san dalili ba. Shiru irin wannan yana iya yi wa aure ɓarnar da tsohuwar 'yar ajinsu ba ta yi ba.

Maganar wayar kuma ba zan tsallake ta ba. Kin yi Islamiyya, kin san aya ta 12 a Suratul Hujurat, inda Allah ya ce mu nisanci da yawa daga zato, ya kuma hana bin diddigin asirin juna. Ki lura yadda aka jero su, zato da bincike, domin ɗaya ke ciyar da ɗaya. Kin leƙa sau ɗaya kin samo rabin magana cikin harshen da bai zauna miki ba, gobe zuciya za ta ce ki sake leƙawa don ki cike ragowar. Na ga matan da suka shekara a wannan hali, suna jiran miji ya yi barci su ɗauki waya, kowace kalma sai an kai wa wata ƙawa ta fassara, kowace ƙawa kuma da irin gishirin da take ƙarawa. Ba na so ki shiga wannan layi.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki yi masa magana, ke da shi, cikin kwana biyun nan. Ki bari yara su yi barci, ya ci abinci ya huta. Kada ki tare shi a bakin ƙofa, kada kuma ki yi ta waya yana ofis. Ki fara da naki laifin, domin shi ne zai buɗe masa ƙirji: "Baban yara, akwai abin da na yi da bai kamata ba. Ranar Lahadi saƙo ya shigo wayarka na duba, ka yafe mini. Na ga wata magana da ta tsaya mini a rai, ita ce ta sa ka ga na canza. Ina so in ji ma'anarta daga bakinka." Daga nan ki yi shiru ki saurara. Zai iya jin haushin taɓa wayar, wannan haƙƙinsa ne, ki ba shi haƙuri ba tare da kin janye tambayarki ba. Idan ya yi dariya ya ba ki labarin yadda yake ɓuya a bayan aji don ya hango ta, to kin ji abin da na gaya miki. A nan kina da damar ki ce masa, cikin ladabi, ba ki ji daɗin tura hoton ba, kuma kina so mu'amalarsa da ita ta tsaya a kan aiki. Wannan roƙo ne da matar aure ke da ikon yi, babu rashin kunya a cikinsa.

Idan akwai abin damuwa na gaske, a halinsa za ki gan shi, ba sai kin buɗe waya ba. Mutum ya fara fita waje amsa kira da dare, dawowarsa ta canza ba bayani, cefane ya ragu alhali albashi bai ragu ba, sunanta ya riƙa faɗowa a hirarsa ko kuma ya riƙa kauce masa da gangan. Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan a wasiƙarki ba. In sun bayyana nan gaba, lokacin ne za ki nemi wani babba mai riƙon asiri a danginsa ko naki. Yanzu kam kada ki kai maganar gida, domin ke za ki huce, mahaifiyarki kuwa ba za ta manta ba. Kada ki nemi lambar matar, ba ta yi miki komai ba. Duk wadda ta ce ki zo ta raka ki wurin wani malami a raba su, ki gode mata ki zauna a ɗakinki, babu abin da aka haɗa balle a raba. Ƙanwarki kuma ki kira ta ki ce kin gano bakin zaren, ki roƙe ta maganar ta tsaya a tsakaninku.

Saura jimlarki ta kusa da ƙarshe, wadda ta fi komai taɓa ni: "zai ga ko Turancin ban iya ba." 'Yata, shekara bakwai kuna tare, ya san iyakar karatunki tun ranar da ya je neman aurenki, kuma ya aure ki. Ina zargin cewa rabin zafin da kike ji ba daga kalmar ya fito ba. Kin ga mace a ofis, mai takardu, wadda za ta yi hira da shi cikin harshen da ke sai kin kwafa a takarda, sai kika ji kamar akwai wani ɗaki a rayuwar mijinki da aka kulle aka bar ki a waje. Wannan ciwo ne na gaske, kuma yana da magani. Wadda ta iya zama ta koyi tajwidi da nahawun Larabci, Turanci ba zai gagare ta ba. Yadda kika kwafe jimlar nan harafi bayan harafi, ba kuskure ko ɗaya, ya nuna mini kanki yana ja.

A Kano akwai Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma akwai azuzuwan matan aure a unguwanni, wasu ma a cikin makarantun Islamiyya. Mata da yawa sun koma ta wannan hanya har suka zauna jarrabawar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu. Ki tambaya a unguwarku wanne ya fi kusa da ke, wanne kuma lokacinsa ya dace da dawowar yara daga makaranta. Kafin nan, duk sa'ad da kika duba kalma a ƙamus, kada ki tsaya a ma'ana ta farko. Ki gangara ƙasa, za ki ga an jera ma'anoni da lamba, 1, 2, 3, kowace da misalinta, sai ki nemi wadda misalinta ya yi kama da jimlar da ke hannunki. Ma'anar da kike nema ranar Lahadi tana nan a ƙasa, layi kaɗan daga inda kika tsaya.

Idan hirar taku ta yi daɗi a daren, ki gaya masa kina son komawa karatu, ki ce kuma kina so ya riƙa koya miki kalma biyar kowane dare bayan sallar isha'i. Ki sayi littafin rubutu na musamman saboda haka. Yau dai ki tashi ki ɗumama abinci ki ci, ki sha ruwa, yaranki suna kallon fuskarki. Bayan kun yi maganar ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da ya ce. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya raya muku zuri'a.